Waswasin alwala: ƙwaya ko horon fuskantar tsoro?

Salam 'yar uwa, na ga tambayarki akan ɗanki da yake maimaita alwala har jam'i ya wuce shi, likita ya ce ciwon waswasi ne wanda suke kira OCD, kina tambaya wanne ya fi tsakanin shan ƙwaya da horon nan na fuskantar tsoro da ake ce ma ERP. Ni ba likita ba ce amma ƙanena ya yi wannan ciwon a gidanmu nan Ƙofar Marusa kuma duka biyun mun bi, jarka biyu ta mai ruwa yake ƙararwa shi kaɗai a wuni, tsakanin yatsunshi duk ya yi fari ya tsattsage.

Ƙwayar dai irinsu fluoxetine da sertraline ne, ko clomipramine wadda ta fi su daɗewa. Sauƙinta shi ne haɗiya ce kawai kullum, sai dai ba ta aiki da wuri, ana iya kai sati 8 zuwa 12 kafin a ga canji sosai, nan ne mutane ke gajiya su yar su ce ba ta yi. Tana iya kawo tashin zuciya ko ciwon kai da farko, kuma ko an samu sauƙi likitoci kan ce a ci gaba kamar shekara, in aka yanke ta kwatsam sau da yawa abin dawowa yake. Abin da ta yi ma ƙanena shi ne ta rage zafin fargabar, tunanin na zuwa amma ba ya shaƙe shi kamar da.

Shi kuma horon wani masani Victor Meyer ya fara shi a Landan a 1966, kuma gaskiya shi ne mai wuya. Kin ga yadda ciwon yake, zuciya ta ce mashi alwalar nan ba ta yi ba, hankali ya tashi, ya sake, ya ɗan ji sanyi, to wannan ɗan sanyin shi ke ciyar da ciwon don ƙwaƙwalwa ta koyi cewa sakewar ce ta cece shi, gobe sai ta nemi ƙari. A horon sai a sa mutum ya fuskanci abin da gangan kuma ya ƙi sakewar. Ba da ƙarfi ba fa, da yardarshi ake yi, ana rubuta abubuwan tsoron daga ƙarami zuwa babba a fara da mai sauƙi.

Ba zan manta ranar da ƙanena ya fara alwala ɗaya tak ba, buta guda, ya gama ya miƙo mani ita na shige da ita ɗaki. Ya zauna bakin tabarma gumi na zuba, ƙafarshi na rawa, yana cewa Yaya wallahi ban wanke gwiwar hannu ba. An riga an gargaɗe ni kar in ce mashi ka wanke na gani, don tabbatarwar nan da muke yi da sunan tausayi ita ma wata sakewar ce, wannan ya fi komai yi mani ciwo domin shekara da shekaru abin da nake mashi ke nan. Na yi shiru ina hawaye. Ya ce fargabar ta kai 9 cikin 10, kafin a kira la'asar ta sauko 4 ba tare da ya taɓa ruwa ba. Galibi zama 12 zuwa 20 ake yi da ƙwararre, da aikin gida kullum, kuma abin da aka koya yana zama ko bayan an gama. Binciken da wata masaniya Edna Foa da abokan aikinta suka fitar a Amurka a 2005 ya nuna horon ya fi clomipramine ita kaɗai tasiri.

Abin da ya ƙara kwantar mashi da hankali, malaminsu ya tuna mashi hadisin mai kokwanto a sallah kar ya fita sai ya ji sauti ko wari, kuma a fiƙihunmu na Malikiyya wanda kokwanto ya aure shi umartarshi ake ya yi watsi da shi.

In ni ce ke horon zan fi nema, amma in fargabar ta yi yawa har ba ya iya zama ko akwai ciwon damuwa tare, a fara da ƙwayar ta buɗe hanya, mu haka muka haɗa su. Matsalar kawai masu yin horon ba su da yawa a nan, ki koma wajen likitan ki tambaye shi kai tsaye ko akwai mai ilimin halayyar ɗan Adam da ya iya ERP, a asibitin koyarwa na tarayya nan Katsina ko na ƙwaƙwalwa da ke Barnawa Kaduna. Kafin nan don Allah a daina mashi faɗa akan ruwa, kuma kar ku ɓoye butar ba da saninshi ba. Allah ya ba shi lafiya.