Sherlock Holmes ko Hercule Poirot: ɗan gari da baƙo

Mai son labaran binciken laifi yakan fara da ɗayan mutanen nan biyu, kuma asalinsu ne ya fi raba su.

Holmes ɗan gari ne. Arthur Conan Doyle, haifaffen Sikotland, ya ƙirƙiro shi a 1887, ya zaunar da shi a gida mai lamba 221B, titin Baker, a Landan. Ya san birnin kamar yunwar cikinsa. Yakan dubi taɓon da ya maƙale a takalmin mutum ya faɗi unguwar da ya ratso, ga kuma yaran titi da ke kawo masa rahoto.

Poirot kuwa baƙo ne. Agatha Christie ta fito da shi a 1920, tsohon ɗan sandan Beljiyam da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koro Ingila gudun hijira. Sau da yawa ana ɗaukarsa Bafaranshe, shi kuma ba ya gajiya da gyara wa mutane. Baƙuncin nan ne makaminsa: Turawan Ingila sukan raina shi saboda karyayyen Turancinsa da murɗaɗɗen gashin bakinsa, su saki baki a gabansa, alhali wani lokaci da gangan yake ƙara karya harshen. Labaransa ma yawo suke, yau jirgin ƙasa daga Istanbul, gobe jirgin ruwa a kogin Nilu.

Mai son ganin Landan ta zamanin keken doki ya bi Holmes. Ni dai Poirot ya fi kwanta mini a rai, domin da sauraron mutane yake kama mai laifi.