Recuva a kan mizani: abin da take iya dawowa da shi idan an goge fayil, da inda take gazawa

Duk mai shagon buga takardu a Birnin Kebbi ya san lokacin da wannan matsala ke yawaita. Ƙarshen zangon karatu ne, sa'ad da ɗaliban kwalejin fasaha ta Waziri Umaru da na jami'ar tarayya da ke Kalgo ke fafutukar kammala firojek, sai kuma lokacin bukukuwan aure, da masu ɗaukar hoto ke zuwa da katin memori a hannu suna cewa komai ya tafi. Manhajar da aka fi ɗaukowa ita ce Recuva, ta kamfanin Piriform na Ingila, masu CCleaner, wanda Avast ya saya a 2017. Kyauta ce, ba ta da nauyi, kuma ko wanda bai ƙware ba zai iya tafiyar da ita. A kan filashi, katin memori da faifai mai juyawa, wato HDD, ta cancanci a fara da ita. A kan SSD, wato faifan zamani da ba ya juyawa, kusan wahalar banza ce. Idan kuwa filashi ya kai matsayin da kwamfuta ke neman a yi masa fomat, aikin ya fi ƙarfinta.

Sai an fahimci abin da gogewa take nufi kafin a san dalilin wannan hukunci. Idan ka goge fayil, Windows ba ta shafe abin da ke cikinsa. Tana zuwa rajistar faifan ne, wadda a tsarin NTFS ake kira MFT, ta yi alama cewa wannan gurbi babu mai shi. Kamar sito ne a kasuwar Jega: an soke sunan mai kaya daga littafi, amma buhunan suna nan a jibge har ranar da aka kawo sabon kaya aka buƙaci wurin. Aikin Recuva shi ne ta duba littafin, ta ga sunayen da aka soke, ta je ta kwaso kayan kafin a ɗora wasu a kai. Da zarar an ɗora, magana ta ƙare. Babu manhajar da za ta dawo da su, ko ta kyauta ko ta kuɗi.

Shi ya sa abin da mutum ya yi a awa ɗaya ta farko ya fi zaɓin manhaja tasiri. Kuskuren da aka fi tafkawa shi ne a rasa fayil daga Desktop ko Documents, waɗanda duk a kan C: suke, wato faifan da Windows take zaune a kai, sannan a buɗe intanet a wannan kwamfutar a sauke Recuva a girka ta a kan C: ɗin. Burawuza tana rubuta tarkace a faifai, girkawar ma rubutu ce, Windows kuma ba ta daina nata rubuce-rubucen a ɓoye. Kowanne daga ciki na iya faɗawa kan gurbin da ake nema. Hanyar da ta fi tsafta ita ce a kashe kwamfutar, a cire faifan, a jona shi da wata ta hanyar wayar USB zuwa SATA, a yi binciken daga can. Idan hakan bai yiwu ba, a samo nau'in Recuva da ba ya buƙatar girkawa daga wata kwamfutar, a sa shi a wani filashi, a kunna shi daga nan.

Kafin ma a kai ga Recuva, a leƙa kwandon shara. Idan yanzu-yanzu aka goge, Ctrl da Z na dawo da shi. Wanda Desktop ɗinsa ke haɗe da OneDrive ya duba kwandon da ke shafin OneDrive, domin yana riƙe abin da aka goge na kwana 30 a asusun mutum na kansa. Abin da aka goge da Shift da Delete, ko daga filashi kai tsaye, shi ne ba ya bi ta kwando. Akwai kuma wani hali da ya zama ruwan dare ga filashin da ya zaga shagunan buga takardu: foldoji duk sun koma gajerun alamu masu kibiya, fayiloli sun ɓace, amma filashin na nuna a cike yake. Wannan ba gogewa ba ce, bairos ne ya ɓoye su. A buɗe Command Prompt, a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* ana sauya E da harafin filashin, za su bayyana. Kada a taɓa waɗancan alamun, su ne ke kunna bairos ɗin.

Ita kanta Recuva, tambaya biyu take yi da an buɗe ta: wane irin fayil ake nema, kuma a ina yake. A ba ta amsa takamaimai. Idan takardar Word ce a zaɓi “Documents”, a wurin kuma a zaɓi “In a specific location” a nuna mata faifan. Wanda ya bar ta a kan “I'm not sure” zai samu dubban tarkacen burawuza da zai yini yana tsinta. Binciken farko rajista kawai yake karantawa, don haka yakan ƙare cikin daƙiƙu ko 'yan mintuna, kuma a nan ne kyawun manhajar yake: fayil yana dawowa da sunansa na asali, da ranarsa, da foldar da yake ciki. Domin a samu tsarin foldojin sai an danna “Switch to advanced mode”, a shiga “Options”, sannan “Actions”, a sa alama a “Restore folder structure”. Ba a kunne take zuwa ba, kuma ban ga hikimar hakan ba, domin hoto dubu biyu na biki uku a zube cikin folda ɗaya wani sabon aiki ne.

Kowane fayil yana da ɗigo a gefensa: kore, ruwan lemo ko ja. Ja yana nufin an riga an rubuta wani abu a kansa, kuma Recuva kan faɗi sunan fayil ɗin da ya hau gurbin. Koren ne ke yaudara. Ma'anarsa kawai ita ce a halin yanzu babu fayil mai rai a wannan gurbi. Idan wani abu ya hau wurin sannan shi ma aka goge shi, ɗigon zai nuna kore alhali cikin ya lalace. Don haka a riƙa duba hoton a ɓangaren “Preview” kafin a yi murna, takardu kuma a buɗe su ɗaya bayan ɗaya bayan an kwaso. Wurin ajiyar abin da aka kwaso dole ya zama wani faifai daban. Recuva tana gargaɗi idan aka zaɓi wanda ake ceto daga cikinsa, amma tana barin mutum ya ci gaba idan ya nace, kuma a haka ne fayil na farko da aka dawo da shi ke danne na goma. Wani abin lura: idan aka danna dama a kan fayil, umarnin “Secure Overwrite” yana nan cikin jeri ɗaya da na dawowa. Aikinsa shafewa ta dindindin.

Idan binciken farko bai samo komai ba, sai “Deep Scan”. Shi ba ya tsayawa ga rajista, faifan yake bi tun daga farko har ƙarshe yana neman alamomin da kowane irin fayil ke farawa da su. Abin da ya samo ta wannan hanya lamba ce sunansa, ba sunan asali ba. Lokaci kuma yake ci. Faifai mai 500GB da aka jona ta tsohuwar kafar USB 2.0, wadda ba ta wuce kusan 30MB a daƙiƙa, zai kai awa huɗu da rabi ko fiye. Katin 32GB kuwa kusan rabin awa. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya sai a koma farko, don haka a yi a laftof mai batiri mai kyau ko a kan inbata, a hana kwamfutar yin barci. A zafin Maris da Afrilu, faifan waje da ya yi awa biyar yana juyawa na buƙatar fanka a kansa.

Masu bidiyon biki su rage buri. Katunan kyamara da tsarin ajiya na FAT32 ko exFAT suke aiki, kuma babban bidiyo a katin da aka daɗe ana cikawa ana ragewa ba ya zama wuri ɗaya, a warwatse yake gutsi-gutsi. A FAT32, gogewa tana tafiya da sarƙar da ke nuna inda kowane gutsure yake. Recuva ta san mafari da girman fayil ɗin, sai ta ɗauka a jere yake, ta kwaso abin da ke gaba. Sakamakon shi ne bidiyo mai cikakken girma da ba ya buɗewa, ko ya tsaya a tsakiya. Hotuna, da yake ƙanana ne, sun fi tsira.

Batun SSD shi ne mutane ba sa son ji, ga shi yawancin laftof na zamani da shi suke zuwa. Tun daga Windows 7 akwai umarni mai suna TRIM: da an goge fayil, Windows na sanar da SSD cewa gurbin ya zama fanko, shi kuma sai ya share shi da kansa don ya yi saurin karɓar sabon rubutu. Sunan fayil ɗin na iya fitowa a Recuva da koren ɗigo da girmansa daidai, a kwaso shi, a tarar sifili ne zalla a ciki. Mai son tabbatarwa ya rubuta fsutil behavior query DisableDeleteNotify a Command Prompt. Idan amsar 0 ce, TRIM na aiki. Ba laifin Recuva ba ne, amma ya kamata a ce tana faɗa wa mutum wannan a fili tun farko.

Inda take da rauni na gaske shi ne faifan da tsarinsa ya rushe. An zare filashi ana cikin rubutu, an mayar, Windows ta ce sai an yi fomat. Kada a yarda, kada kuma a gudanar da chkdsk, umarnin Windows na gyaran faifai. A irin wannan hali Recuva kan ce ba ta gane tsarin faifan ba, ta tsaya. Nan ne wurin PhotoRec, wadda Christophe Grenier na Faransa ya rubuta, take zuwa tare da TestDisk, ita ma kyauta. Duk da sunanta ba hoto kaɗai take nema ba, ta san nau'in fayil fiye da 480, kuma ba ruwanta da rajista. Baƙin allonta na tsorata mutane, amma a cikin kunshin akwai QPhotoRec mai maɓallan dannawa. Abin da ta samo tana zubawa a foldoji masu suna recup_dir.1, recup_dir.2 da sauransu, fayil 500 a kowace, da sunaye irin f0012345.jpg. A shiga jerin nau'o'in fayil a cire alamar duk abin da ba a buƙata, in ba haka ba za ta cika faifan ajiyar da shara. Idan fomat na gaggawa aka riga aka yi, akwai sauran fata, domin rajista kawai ya sabunta. Cikakken fomat kuwa, tun daga Windows Vista, sifili yake rubutawa a ko'ina.

Microsoft ma ta fitar da Windows File Recovery a 2020. Tana aiki, amma sai da rubuta umarni, ba ta nuna hoto kafin a kwaso, kuma da yake daga Microsoft Store ake samunta, a kan C: take sauka. Ban ga abin da ta fi Recuva da shi ba.

Nau'in Recuva na kuɗi ba ya ƙara ƙarfin bincike. Sabuntawa ta kai tsaye, taimakon kamfani da karanta faifan kwaikwayo ne ƙarin. Irin su EaseUS da Disk Drill sun fi ta kyan gani, wani lokaci sun fi ta sake gina foldoji bayan fomat, amma na kyautarsu na da iyakar abin da za a kwaso. Waɗanda aka fasa ake rabawa a filashi kuwa hanyar shigar bairos ce.

Akwai abubuwan da ba na manhaja ba ne sam. Wayar Android da aka jona da kwamfuta ba ta samun harafin faifai, don haka Recuva ba ta ganinta, sai dai a ciro katin memorin a sa a abin karanta kati. Filashin jabu da aka rubuta wa 64GB alhali cikinsa bai kai ba yana nuna sunayen fayiloli, amma abin da ya wuce ainihin girmansa bai taɓa zama a ciki ba. Manhajar H2testw na tona asirin irinsa, sai dai rubutu take yi a kansa, don haka a sabon filashi ake gwada ta. Faifan da ke ƙas-ƙas ko yake ɓacewa yana dawowa kuma ciwonsa a ƙarfe yake, “Deep Scan” na awa biyar zai iya ƙarasa shi. Irinsa ana fara ɗaukar kwafinsa gaba ɗaya ne da manhajar ddrescue zuwa lafiyayyen faifai mai girmansa ko fiye, a yi binciken a kan kwafin.

Wanda zai kai wa mai gyara ya tafi da faifan ajiya na biyu, ya kuma faɗa da bakinsa cewa fayil yake nema, kada a sake girka Windows, domin abin da hannun masu gyara da yawa ya saba da shi ke nan. Idan laftof ɗin mai Windows 11 ce, ya fara duba asusunsa na Microsoft ko akwai makullin BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai, mai lamba 48, ya rubuta shi a takarda kafin a kwance ko da noti ɗaya. Faifan da aka kulle da shi, idan aka jona shi da wata kwamfutar babu wannan lamba, Recuva da PhotoRec duk ba abin da za su iya karantawa a ciki.