Aikin maginan gargajiya a tsohon gidan kakanmu

A ranin da ya wuce muka ɗauki wani dattijon magini da 'ya'yansa biyu domin su gyara gidan kakanmu da ke wani ƙauye a bakin fadamar Argungu, bayan ruwan damina ya zaizaye katangar gabas, wadda ita ce hadari ya fi duka, rufin zauren kuma ya soma yoyo. Gidan na tubali ne, irin mulmulallen nan mai faɗin gindi da tsinin kai da ake shanyawa a rana, a jera shi tsaye, a cike tsakaninsa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Irin ginin ne na gidan Nabame da ke cikin Argungu, wanda sarakunan Kabi suka zauna a ciki har 1942 kafin a mai da shi gidan tarihi na Kanta a 1958.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne yadda dattijon ya ƙi a shafa siminti, alhali ni na nema. Sai ya ja ni zuwa wani bango da aka yi wa filasta a unguwar, ya ƙwanƙwasa shi da bayan hannu, muka ji yana amsawa kamar ƙwarya. Ya ce: "Alhaji, siminti ba ya kama ƙasa, ruwa zai bi ta tsaga ya kwanta a bayansa har bangon ya ruɓe." Ya jiƙa makuba daga ɓawon ɗorawa, da ita aka yi yaɓen ƙarshe, har yanzu kuma ana ganin sawun yatsunsu a jiki.

Da suka buɗe rufin, azara uku kawai suka samu sun lalace, domin giginya ba ta saurin ba gara hanya. Ba su taɓa bakan gizon zauren ba, wato lanƙwasasshen ginin da ke tallafe da rufin daga ciki, sai dai suka ƙara wa indararo tsawo don kada ruwa ya riƙa zuba a gindin bango.

Inda suka gaza shi ne alƙawari. Mako uku suka yanka, aikin ya kai bakwai, ba su kuma faɗa mana tun farko cewa azara ta yi tsada da wuyar samu ba, sai da kuɗin ya ƙaru a tsakiyar aiki. Duk wanda zai ɗauke su ya tsayar da maganar azara tukuna. Damina ta zo ta wuce zauren bai ɗiga ba, dattawan unguwa kuma sun koma shimfiɗa tabarmarsu a ciki bayan azahar saboda sanyinsa.