Hawa Dutsen Victoria a Hong Kong: Jirgin Peak Tram, Dandalin Kallo da Titin Lugard

Duk wanda harkar kasuwanci ta taɓa kai shi Hong Kong ya san cewa ba a ganin birnin nan daga ƙasa. Mai tafiya a titin Nathan, idan ya ɗaga kansa, abin da zai samu shi ne ɗan siririn sararin sama da ya maƙale tsakanin benaye da allunan talla. Sau uku ina zuwa garin, ina sauka a unguwar Tsim Sha Tsui da ke Kowloon, wato ɓangaren birnin da ke tsallaken ruwa daga tsibirin Hong Kong, kusa da ginin Chungking Mansions inda 'yan kasuwar Afirka suka fi taruwa, amma ban taɓa sanin yadda yake a dunƙule ba, sai a wata tafiya da muka yi da yayana cikin watan Nuwamba, lokacin da muka ware yammaci guda domin hawa dutsen Victoria. Tsayin dutsen mita 552 ne, kuma shi ne mafi tsawo a tsibirin Hong Kong. Abin da zan yi bayani a kansa shi ne jirgin da ke kai mutane can sama, da dandalin kallon da ake shiga da tikiti, da kuma wata hanyar ƙafa da ba a biyan ko sisi, wadda a ganina ita ce ta fi cancantar wahalar hawan.

Mun tsallaka ruwa da jirgin fito na Star Ferry zuwa unguwar Central, sannan muka taka zuwa tashar jirgin dutsen da ke titin Garden. Mun isa da misalin ƙarfe uku da rabi na yamma a ranar aiki, kuma duk da haka mun tarar da layi. Wanda ya zo ranar Asabar ko Lahadi, ko ya bari sai gab da faɗuwar rana, ya shirya tsayuwa mai tsawo, domin wannan shi ne lokacin da kowa yake son hawa. Ana sayar da tikitin zuwa kaɗai, da na zuwa da dawowa, da kuma wanda aka haɗa da kuɗin shiga dandalin kallo na sama, kuma ana karɓar katin Octopus da mutanen gari ke biyan kuɗin mota da jirgi da shi. Mu tikitin zuwa muka yanka tare da na dandalin, da niyyar mu sauko a mota.

Jirgin da ake kira Peak Tram ba ya tafiya da injin kansa. Igiyar ƙarfe ce mai kauri take jan sa daga wani babban inji da ke saman dutsen, kuma jirage biyu ne ɗaure a igiyar, ɗaya yana hawa ɗaya yana sauka, nauyin kowanne yana taimaka wa ɗan'uwansa, har su haɗu a tsakiyar hanya inda layin dogon ya rabu biyu domin su wuce juna. Ya fara aiki a watan Mayu na 1888, da ƙarfin tururi, sai a 1926 aka mayar da shi na lantarki. Kafin zuwansa, masu hannu da shuni kan hau dutsen ne a kan kujeru da leburori ke ɗauka a kafaɗa. Taragon da ake amfani da su yanzu korra ne, sun fara aiki a watan Agusta na 2022, suna ɗaukar mutum 210 a sawu guda, alhali jajayen da suka gabace su mutum 120 kawai suke ɗauka. Wannan ƙari shi ya sa layin yake motsi da sauri fiye da yadda tsawonsa ke nunawa.

Wani ma'aikacin masaukinmu ya riga ya ba mu shawarar mu nemi kujerun hannun dama idan za mu hau, kuma shawarar ta yi amfani, domin ta wannan ɓangaren birnin yake buɗewa. Da farko jirgin yana ratsawa ne ta bayan gidajen mutane, kusa ƙwarai, har na ga wata riga da aka shanya a taga tana kaɗawa kamar in miƙa hannu in taɓa ta. Bayan ɗan lokaci sai hawan ya miƙe, bayan mutum ya manne da jingina, kuma a nan ne abin da kowa ke magana a kai yake faruwa: dogayen benayen da ke gefe sai su zama kamar sun karkace sun jingina da dutsen. Dalilinsa shi ne, a wuraren da suka fi tsauri gangaren ya haura digiri 25, ido kuma yana ɗaukar ƙasan taragon da tagoginsa a matsayin ma'auni, sai ya ga kamar gine-ginen ne suka sunkuya. Yayana, wanda ba mai yawan magana ba ne, ya riƙe ƙarfen kujerar gabansa yana salati a hankali, sannan ya ce da ni, "Ƙanena, dubi can, wallahi kamar za su kwanta." Tafiyar ba ta kai minti goma ba. Kujerun katako ne masu tsafta, tagogin manya ne har da wasu a rufi, kuma ma'aikatan suna tsara shiga da fita cikin natsuwa. Game da jirgin kansa, ban ga abin kushewa ba, kuma ina ganin ya dace duk wanda ya zo garin ya hau shi ko da sau ɗaya ne.

Tashar sama tana cikin ginin Peak Tower, wanda aka buɗe a 1997, shekarar da Birtaniya ta miƙa Hong Kong ga ƙasar Sin. Samansa yana da siffar babban kaskon suya. Daga inda jirgi ya tsaya, sai mutum ya bi matakala masu tafiya da kansu, hawa bayan hawa, ta tsakiyar shagunan tsaraba da gidajen abinci, kafin ya fito rufin ginin inda dandalin Sky Terrace 428 yake. An ba shi wannan suna ne saboda yana mita 428 sama da teku. Fa'idarsa babba ita ce ana ganin kowane ɓangare. Ta arewa ga birnin da mashigin ruwan Victoria da Kowloon, da jerin duwatsun da ke bayanta har da wanda ake kira Lion Rock. Ta kudu kuwa, abin da ban zata ba, daji ne kore shar da teku da ƙananan tsibirai, ciki har da tsibirin Lamma da dogayen bututun hayaƙi uku na tashar lantarkinsa. A nan ne na fahimci dalilin tsawon benayen garin: mutum kusan miliyan bakwai da rabi ne suke zaune a kan kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar, sauran duwatsu ne da dazuzzuka, kuma kusan kashi 40 cikin 100 an keɓe su a matsayin gandun da ba a gini a ciki. Har gaɓar da manyan benayen suke tsaye a kai, da yawanta cike teku aka yi aka samar da ita.

Sai dai dandalin wuri ne na jama'a, kuma yayin da rana ta yi ƙasa, bakin shingen da ke fuskantar birni yakan cika maƙil da masu ɗaukar hoto, ta yadda sai mutum ya jira wani ya matsa kafin ya samu inda zai tsaya. Wanda ke tare da dattijo ko ƙananan yara, ko wanda lokacinsa ya ƙure, kuɗinsa ba zai tafi a banza ba a nan, domin babu tafiyar ƙafa kuma komai yana kusa. Akwai kuma wurare biyu na kyauta a nan gefe: rufin rukunin shagunan Peak Galleria da ke tsallaken fili, da wata 'yar rumfa mai ginin gargajiyar Sin da ake kira Lions Pavilion.

Bayan kamar rabin sa'a muka sauko, muka nufi wani siririn titi da ya fara daga gefen ginin, kuma a bakinsa ne na tsaya ina karanta allon suna sau biyu: Lugard Road. Wannan Lugard ɗin shi ne Gwamna Lugga da muka sani, wanda sojojinsa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris na wannan shekara, wanda kuma har yau zauren majalisar dokokin Kaduna ke ɗauke da sunansa. Bayan ya bar Arewa a 1906, ya zama gwamnan Hong Kong daga 1907 zuwa 1912, a zamaninsa aka kafa jami'ar Hong Kong a 1911, sannan ya koma Nijeriya ya haɗe Arewa da Kudu a 1914. An fara gina titin a 1913, bayan tafiyarsa. Ya kamata mai ziyara ya san cewa wannan dutse, a zamanin, wuri ne na wariya. Wata doka ta 1904 ta hana 'yan asalin ƙasar Sin zama a kansa, kuma ba a kawar da irin wannan hani gaba ɗaya ba sai a 1946. Ko a cikin jirgin da muka hau, daga 1908 zuwa 1949 kujerun gaba na gwamna ne, ba mai zama a kansu sai ya rage minti biyu a tashi ba a gan shi ba. Yayana ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Ashe har nan ya zo." Na ji nauyin wannan magana, domin ban taɓa tsammanin zan ci karo da tarihin garinmu a gefen dutse a ƙarshen gabashin duniya ba.

Titin shimfiɗaɗɗe ne, ba hawa ba gangara, yana zagaye dutsen kamar ɗamara, kuma a wasu wurare a kan ginshiƙai yake tsaye a jikin gangaren, dutse a hagu, rami mai zurfi a dama, da shingen ƙarfe a tsakani. Bishiyoyi sun rufe shi da inuwa, kuma akwai wata babba mai saiwoyi da ke saukowa daga rassa har ƙasa, irin na ceɗiya, wadda sai an bi ta ƙarƙashinta. Bayan tafiyar minti goma sha biyar zuwa ashirin, sai bishiyoyin suka yanke kwatsam, birnin ya bayyana a ƙarƙashin ƙafafunmu ba gilashi ba cunkoso. Daga nan, benaye biyu mafiya tsawo suna fuskantar juna a gaɓoɓin ruwan kamar dogarai a ƙofar fada: International Commerce Centre a ɓangaren Kowloon, mai mita 484, wanda aka kammala a 2010, da Two IFC a ɓangaren tsibiri, wanda ya haura mita 400. Can dama ga ginin Bankin Sin mai zanen kusurwoyi, aikin mai tsara gine-gine I. M. Pei, da aka buɗe a 1990. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shirwa. Garin yana da shirwa da yawa, kuma da yamma suna shawagi a kan gangaren, amma a ƙasa da inda muke tsaye, ta yadda bayansu muke gani, launin ƙasa-ƙasa, da jelar nan mai rabe biyu tana karkatawa tana gyara musu hanya, ga kuma rufin benaye masu hawa hamsin a ƙarƙashinsu.

A watan Nuwamba rana tana faɗuwa da misalin ƙarfe shida saura ashirin, kuma mafi kyawun lokaci shi ne rabin sa'ar da ke biye, lokacin da sama take da sauran haske, tagogi kuma suna kamawa ɗaya bayan ɗaya, har ruwan ya ɗauki launin fitilun, jiragen fito suna ratsa shi a hankali. Wannan lokaci ya zo daidai da sallar Magariba, don haka ina ba Musulmi shawara ya hau da alwalarsa da 'yar dardumarsa. Mu mun ƙarasa zuwa ɗan filin shaƙatawa da ke mahaɗar titin Lugard da titin Harlech, muka yi sallarmu a gefe ba wanda ya dame mu. Alƙibla a can yamma take, da ɗan karkata zuwa arewa, saɓanin gabas da muka saba a gida. Titunan biyu sun haɗu sun yi zobe na kimanin kilomita uku da rabi, wanda ake zagayewa cikin sa'a guda, akwai fitilu a hanya, kuma yana dawo da mutum daidai inda ya fara.

Batun abinci shi ne inda na fi jin takaici. A wani shago da muka zauna, kuɗin shayi biyu da ɗan burodi ya kusa na cikakken abincin rana a cikin gari, kuma da na tambayi mai kawo mana ko akwai man alade a burodin, bai iya ba ni amsar da zan natsu da ita ba, sai muka bar shi a kan tebur. Gara mutum ya ci ya ƙoshi kafin ya hau. Akwai gidajen abincin halal da dama a kewayen masallacin Kowloon da ke titin Nathan, akwai kuma ɗakin cin abinci a cibiyar Musulunci ta masallacin Ammar a unguwar Wan Chai.

Yanayin sama ne ke yanke hukunci a kan wannan ziyara fiye da komai. A watannin Maris da Afrilu hazo yakan lulluɓe dutsen har a kasa ganin bene ko ɗaya, alhali daga Oktoba zuwa Disamba iska ta fi bushewa, sama ta fi washewa. Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya dubi dutsen daga ƙasa kafin ya yanki tikiti, idan bai ga samansa ba, ya ɗage zuwa wata rana. Ya kuma riƙe 'yar riga mai kauri, domin bayan faɗuwar rana iskar can ta fi ta cikin gari sanyi.

Mun sauko a bas mai lamba 15, mai bene, wadda kuɗinta bai kai ko kusa da na jirgin ba, ko da yake tana ɗaukar lokaci sosai saboda lanƙwasar hanya. Mun samu kujerun gaba a saman benen, rassan bishiya suna gogar gilashi, fitilun garin suna ɓacewa suna dawowa a kowace kwana. Idan Allah ya sake kai ni, zan hau da jirgin da misalin ƙarfe huɗu, in wuce kai tsaye zuwa titin Lugard, in bar dandalin sama sai ranar da nake tare da wanda ba zai iya tafiyar ƙafa ba.