Rune Factory 4 Special ko Rune Factory 5?

Ɗan'uwa, tsakanin wasannin bidiyo biyun nan na noma da yaƙi da ka tambaya wanne za ka saya, ɗauki Rune Factory 4 Special, kada ka tsaya dogon tunani.

Tsohon wasa ne kam. A 2012 ya fara fita a Japan a kan 3DS, ƙaramar na'urar wasa ta hannu ta kamfanin Nintendo, aka sabunta shi da sunan Special aka kawo shi Switch, wata na'urar Nintendo da ta zo daga baya, sannan ya iso PS4, Xbox One da kwamfuta a 2021. Hotonsa irin na da ne, daga sama kake hango ɗan mutumin naka, sai dai ba ya sarƙewa, kana taɓa maɓalli zai motsa. Abin da ya riƙe ni shi ne yadda noma da yaƙi suke ɗauke da juna. Ka yi shuka a bayan fadar Selphia, garin da kake zaune a cikin wasan, ka girbe, ka dafa, abincin ya ba ka ƙarfin shiga kogo, ƙarfen da ka haƙo a can kuma ka ƙera fartanya mafi kyau da shi. Ƙasar ma gajiya take yi idan ka dame ta da shuka, sai ka zuba mata busasshiyar ciyawa ka nome kafin ta farfaɗo. In ka yanke amfanin gona da lauje, iri za ka samu, sau da yawa wanda ya fi na baya daraja.

Dodannin wasan, waɗanda kake iya kiwonsu, su ne suka gama saye ni. Na gina musu turke, na riƙa shafa wata Wooly, mai kama da tunkiya, da buroshi kullum ina ba ta abinci har ta saba da ni, na sa ta aikin gona. Wata safiya na fito da butar ban ruwa a hannu, sai na tarar ta riga ta jiƙa layukan duka, ga kuma ulu ta ajiye mini a turke. Daɗin da na ji ba kaɗan ba ne.

Yana da nasa aibi. Ba ya bayanin abubuwa da yawa, kai za ka lalubo yadda ake haɓaka makami. Wasu al'amuran gari, har da waɗanda ke kai ka ga aure, sa'a ce ke kawo su, kana iya shafe kakar shuka guda kana jira. Akwai kuma karatu da yawa da Turanci.

Na 5 ɗin, wanda ya fara fita a Japan a 2021, ya koma 3D, garinsa Rigbarth ya fi faɗi amma wayam yake, kuma sananne ne cewa yana tsinkewa a Switch. A kwamfuta ya ɗan fi dama, iyakar yabon da zan yi masa ke nan.

Ka kuma yi hattara da masu tallar wasa da araha a intanet. Da yawansu asusun wani suke ba ka aro, ranar da mai shi ya canza kalmar sirri, wasan da kuɗinka sun tafi. Wani kuma kaset ɗin 3DS zai turo maka da sunan Special, alhali ba ya shiga Switch. Ka saya daga eShop, shagon Nintendo na intanet, ko Steam, shagon wasannin kwamfuta, da asusunka na kanka. In kaset kake so, kada ka biya sai an sa shi a na'ura a gabanka ka ga ya buɗe.