Uludag ko Kartepe? Abin da munka gani da munka kai yara wasan ƙanƙara daga Istanbul

Assalamu alaikum jama'a. Tun da munka dawo daga Turkiyya ake ta tambayata, a majalisarmu ta Mabera da kuma ta WhatsApp, wai ina ne wurin nan da munka yi hoto cikin ƙanƙara, kuma ko mutum na iya zuwa ya dawo rana guda ba sai ya kwana can ba. Bayanin na da tsawo, ba ya yiwuwa a tsaye bakin masallaci, shi yas sa nic ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya don wanda ke da niyyar kai iyalinshi kada ya yi asarar rana irin wadda munka yi.

Mu huɗu munka tahi cikin watan Janairu, ni da maiɗakina da yara biyu, namijin shekara 9 macen shekara 6, daga Sakkwato zuwa Abuja, daga Abuja jirgi yak kai mu Istanbul. Ƙanena na karatu can, shi yat tarbe mu. Ba don ƙanƙara munka je ba tun farko, ziyara ce da ɗan sayayya, amma yaran tun muna gida maganarsu ke nan dare da rana, yaron da yat tashi garin da zafi ke wuce 40 a watan Afrilu, wanda ƙanƙarar da yas sani ita ce ta cikin kula wadda ake sa ma zoɓo, in ka ce mishi akwai inda take zubowa daga sama kamar gari ai dole ya matsa sai ya gani.

Wuraren wasan zamiya da ake zuwa daga Istanbul uku ne sanannu. Akwai Kartepe a jihar Kocaeli, shi ne mafi kusa, akwai Uludag da ke saman garin Bursa, shi ne mai suna, sai Kartalkaya can wajen Bolu kan hanyar Ankara. Su Turkawa kayak suke ce ma wasan, in ka ji ana kayak kayak to zamiyar ake nufi. A taswira duk kusa suke, amma abin da ban lissafa ba shi ne gajartar rana. A Janairu asuba sai wajen 7 saura, rana ba ta fitowa sai 8 ta wuce, kuma kujerun da ke ɗaukar mutane zuwa saman dutse kafin 5 na yamma an tsayar da su. To ka ga duk awa ɗaya da ka ɓata a hanya daga cikin wasan yaranka ta fita. Ni yanzu da wanga ma'auni nike auna kowane wuri, awa nawa ƙafarka za ta yi kan ƙanƙara.

Zuwanmu na farko da wani kamfanin yawon buɗe ido munka yi, irin waɗanda ke da ɗan ofis kusa da otal-otal, hotunan ƙanƙara manne a gilashi. Sunka ce Uludag, zuwa da dawowa, har da abincin rana. Ƙanena sai da yac ce min "Yaya, ka bari mu je da kanmu", ni kuma ina ganin da mace da ƙananan yara gara motar da za ta ɗauke mu a ƙofar otal ta maido mu ƙofar otal. An ce mu fito 8, mun fito. Sai da bas ɗin tay yi kusan awa ɗaya da rabi tana zagaya otal-otal tana kwasar mutane cikin go-sulo na Istanbul kafin ma a kama hanya. Da munka iso Bursa sai anka sauke mu wani shagon alewa da zuma, a ɗanɗana a saya, daga nan wani shagon tawul da kayan tsaraba, daga nan wurin wani tsohon icce da ake cewa ya haura shekara 600, iccen kam abin kallo ne ma sha Allah, amma ba shi munka biya kuɗi mu gani ba. Sannan shagon hayar kayan sanyi a gindin dutse, inda mai rakiyar yac ce wai wanda bai yi haya nan ba ba a barinshi ya hau, daga baya nig gane ba gaskiya ba ne, can sama shagunan haya sun fi a ƙirga. Wandon da sunka ba ɗiyata ma a jiƙe yake ta ciki, sai da maiɗakina tam matsa sannan sunka canza.

Ba mu taka ƙanƙara ba sai bayan 3. Mai rakiya yad duba agogo yac ce awa ɗaya da kwata, kowa ya dawo mota. Wallahi yaran ba su gama mamakin abin ba anka fara kira. Ƙaramar ta duƙa tana dunƙula ƙanƙara da hannu biyu tana cewa "Baba dubi, ba ta jiƙa ni", ina ɗaga ta tana kuka. Mun iso otal 11 na dare ta wuce, sun yi barci a mota ko abincin dare ba su ci ba. Abin ya yi min ciwo ƙwarai, don kuɗin ba kaɗan ba ne in ka juya shi zuwa naira. Direban dai mutumin kirki ne, tuƙinshi a natse, kuma abincin rana ba laifi, nama gasasshe da shinkafa. Amma in maki zan ba wagga hidima, 3 cikin 10 ne. Ban ce duk kamfanonin haka suke ba, amma kafin ka biya ka tambaye su ƙarara: ƙarfe nawa za mu isa saman dutse, ƙarfe nawa za mu sauko, shago nawa za a tsaya. In sunka fara kwana-kwana ka riƙe kuɗinka.

Ban haƙura ba. Bayan kwana biyu munka tattara munka koma Bursa da kanmu, ƙanena gaba. Jirgin ruwa munka shiga daga Istanbul zuwa Mudanya, wani gari na bakin teku kusa da Bursa, kamar awa biyu, daga nan mota zuwa cikin Bursa. Ta hanyar mota ma ba nisa, kilomita 150 ne ko kusa da haka, kuma tun da anka buɗe gadar Osmangazi a 2016 tahiyar ta ragu sosai. Munka kama ɗaki kwana biyu cikin gari, wanda ya fi na saman dutse sauƙi nesa ba kusa ba. Nan ne nig gane gaskiyar lamarin, Uludag wurin zuwa a dawo ne ga wanda ya kwana Bursa. Daga Istanbul ana iya yi, amma da yara wahala ce tsagwaronta.

Da safe munka hau teleferik, wato akwatunan gilashi da ke rataye jikin igiyar ƙarfe suna tahiya a sama, kowane na ɗaukar mutum 8. Tsawon igiyar ya kusa kilomita 9, daga unguwar Teferruc har wurin otal-otal na sama, ana ratsa tashar Sarialan, duka bai kai minti 30 ba. Jama'a wagga hawa kaɗai ta isa dalilin zuwa. Ka taso ƙasa ba ƙanƙara ko ɗigo, gidaje da jan rufi a ƙarƙashinka, kana hawa itatuwa na fara yin fari-fari, can sai ka shiga hazo ba ka ganin komi kamar ranar da ƙurar hunturu ta rufe Sakkwato, sai kuma kwatsam ka ɓullo sama da gajimare, rana tarwai, ko'ina fari fat. Maiɗakina da ke jin tsoron hawa tun farko ta damƙe hannuna, da munka ɓullo sai nij ji tana ta Subhanallah Subhanallah. Ƙololuwar dutsen mita 2,543 ce, amma wurin wasa yana ƙasa da haka. Abu ɗaya da za ka kiyaye, akwai wata iska mai ƙarfi da suke ce ma lodos, in ta taso ana tsayar da teleferik, har jiragen ruwa ma ana sokewa, don haka ka duba shafinsu da safe kafin ka fito. In an rufe akwai ƙananan bas da ke hawa ta titi, kilomita 30 da wani abu ne mai yawan kwana, kuma ranar da ƙanƙara tay yi yawa sai an ɗaura ma taya sarƙa.

Kafin 10 muna sama. Na ɗaukar ma babban yaron mai koyarwa na awa ɗaya, kuma shi ne kuɗin da nif fi jin daɗin kashewa a duk tahiyar. Takalmin zamiyar wani irin abu ne, roba ce mai tauri har ƙauri, da maɓallan ƙarfe, in ka sa shi ba ka iya lanƙwasa idon sawu, tahiya sai da dunduniya. Abin da malamin yaf fara koya mishi shi ne yadda zai tsaya da yadda zai tashi in ya faɗi: a haɗa kawunan dogayen allunan zamiya biyu da ke maƙale ƙarƙashin takalmin gaba a buɗe su baya, a danna gefen ciki, sai gudun ya mutu. Ya faɗi ya fi sau goma. Wajen ƙarshen awar sai ga shi ya gangaro shi kaɗai a hankali, ya zo daidai gabana ya tsaya cak, hanci ja, yana haki yana dariya, yac ce "Baba ka gani? ni nit tsayar da kaina." Don Allah kada wanda ya ɗora ɗanshi kan allunan nan ba mai koyarwa, kuma a sa hular kwano. Hanyoyin gangarowa launi-launi ne, kore da shuɗi na masu koyo, ja da baƙi na gwanaye, kada ƙarfin hali ya kai ka inda ba naka ba, na ga wanda anka sauko da shi kwance cikin abin ja.

Uludag akwai tsada, wannan gaskiya ce, shayi ma kuɗinshi daban ne da na cikin gari, kuma wajen otal-otal akwai kiɗa da masu shaye-shaye, mai iyali sai ya zaɓi inda zai zauna. Amma wuri ne babba, ƙanƙara wadatacciya, akwai masallaci, akwai burodi da sujuk mai zafi, wato niƙaƙƙen nama mai kayan yaji da ake ɗurawa cikin hanji, da wani abin sha mai kauri kamar kunu da suke ce ma salep, ana barbaɗa mishi kirfa. Da yamma munka sauko munka yi magariba a Ulu Cami, masallacin da Sarki Bayezid na ɗaya yag gina, an gama shi a 1399, ƙubba 20 gare shi da wurin alwala a tsakiyar masallacin, sannan munka ci iskender, yankakken nama kan burodi da miyar tumatir, wanda asalinshi na Bursa ne. Ranar kam 9 cikin 10.

Kartepe kuma shi ne ainihin na zuwa a dawo daga Istanbul. Mota munka ɗauka da direba, ranar Talata, mun fita bayan asuba, awa biyu muna can. Ƙarami ne, tsawonshi wajen mita 1,600, hanyoyin zamiya ba su da yawa, gwani zai gaji da shi da wuri. Amma mu da abin da muke so shi ne yara su hau ɗan kwale-kwalen roba su gangaro su sake hawa, su yi jifa da ƙanƙara, ya ishe mu har ya yi saura. Ƙaramar ta fi son nan a kan Uludag, don ba turereniya kuma ba masu gudu da ke wucewa ta gefenta fiu. Daga sama kana hango tafkin Sapanca. Da munka sauko munka tsaya ƙauyen Masukiye munka ci kifi da anka gasa cikin kaskon ƙasa da man shanu, kafin isha'i muna otal. Matsalarshi ɗaya, da yake bai kai Uludag tsawo ba ƙanƙararshi ba ta da tabbas, wata shekarar ko farkon lokaci sai ka tarar da laka da ɗan fari-fari. Ka sa wanda ke can ya duba maka hoton ranar kafin ka biya mota.

Kartalkaya ba mu je ba, awa uku ne ko fiye zuwa kawai, ba na rana guda ba ne ga mai yara. Can ne kuma gobara ta tashi a wani otal cikin Janairun 2025 mutum 78 sunka rasu, da yawansu yara da iyayensu da sunka zo hutu. Tun daga nan duk otal ɗin da nis sauka sai na duba matakalar fita kafin in kwanta. Wanda kuma zamiyar ce ta kai shi da gaske, Erciyes a Kayseri da Palandoken a Erzurum duk suna dab da gari, amma sai ka ƙara hawa jirgi.

Maganar kaya, ka sayi jaket mai kauri da hular sanyi tun nan gida wajen 'yan gwanjo, ya fi araha sosai, wando mai hana ruwa da takalmi kaɗai za ka yi haya can. Safar hannu ta ulu irin wadda muke sawa da hunturu ba ta aiki, minti biyar ta jiƙe yatsu su ƙage, a nemi mai leda ta waje. Safar ƙafa kowa ya riƙe ta canji. Baƙin tabarau dole ne don hasken rana kan ƙanƙara na kashe ido, sai basilin na leɓe. Mata doguwar riga na jan ƙanƙara ta jiƙe daga ƙasa, maiɗakina wando mai kauri tas sa ciki da jaket mai kaiwa gwiwa, hijabinta cikin jaket, ta sake sosai. Ka yi alwala kafin ka sa takalmin nan, cire shi da maida shi aiki ne.

Kuma a guji Asabar da Lahadi, da hutun makarantunsu na mako biyu da ke kamawa cikin rabin ƙarshe na Janairu, lokacin layin teleferik kaɗai na iya cinye maka safiya. Farashi ban rubuta ba da gangan, kuɗin lira na canzawa kusan kowane lokaci, wanda nib biya ba shi za ka tarar ba, kuma baƙo da ɗan ƙasa wani wurin ba kuɗi ɗaya suke biya ba, ka tambaya tukuna. In kwana ɗaya gare ka kuma da ƙananan yara, Kartepe ranar aiki. In kana da kwana biyu, ka kwana Bursa ka hau teleferik na farko da safe. Mu in Allah ya kai mu wata shekara Bursa za mu sauka kai tsaye kwana uku, babban yaron ya riga ya ce shuɗiyar hanya zai gwada.