Wace manhajar ƙididdiga ta dace da bincikenka: abinci, ilimi ko fiziks?

Yawancin masu bincike sai sun gama tara bayanai sannan su fara tambayar wace manhaja za su saka a kwamfuta. Kamata ya yi a yi wannan tambaya tun kafin a auna samfurin farko. Mai gwada tsawon lokacin da abinci zai yi bai lalace ba, da mai auna fahimtar ɗalibai, da mai awo a ɗakin gwajin fiziks, kowannensu da irin lissafin da yake buƙata. Manhajar da ta sauƙaƙa wa wannan aiki tana iya ɗaure wa wancan hannu.

Excel kusan kowa yana da ita, kuma ta isa wajen shigar da bayanai da fitar da matsakaici. Amma kada ka ɗora mata dukan nauyin bincike. A 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta rasa lissafin kusan mutum 16,000 da suka kamu da korona, saboda an yi amfani da tsohon tsarin fayil wanda ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536. Babbar illarta ita ce ba ta ajiye tarihin abin da ka yi, don haka in kuskure ya shiga da wuya a gano inda ya shigo.

Mai binciken ilimi galibi SPSS ake fara nuna masa. Ta fito tun 1968, kamfanin IBM ya saye ta a 2009, kuma ƙarfinta shi ne sauƙi: ka shigar da amsoshin takardar tambayoyi, ka danna, ta ba ka gwajin t da ANOVA masu kwatanta matsakaicin rukunoni, da ma'aunin alfa na Cronbach mai nuna ko tambayoyin sun dace da juna. Ga kuma tarin malamai da suka san ta, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga ɗalibin da ke rubuta kundi. Sai dai ta kuɗi ce, lasisinta kan ƙare, kuma wasu sassanta daban ake sayar da su. Idan abin da kake nema bai wuce waɗannan gwaje-gwaje ba, jamovi ko JASP za su yi maka aikin kyauta. Dukansu a kan R aka gina su, wato wata manhajar ƙididdiga ta kyauta da ake rubuta wa umarni, amma su da dannawa ake aiki da su, kuma wanda ya saba da SPSS ba zai sha wahalar gane su ba.

Akwai wani abu da nake so masu binciken ilimi su lura da shi sosai. Ɗalibai 300 daga ajujuwa goma ba daidai suke da mutum 300 da ba su haɗa komai ba. 'Yan aji ɗaya malaminsu ɗaya, darasinsu ɗaya, saboda haka makinsu kan yi kama. In ka yi watsi da wannan, lissafi zai nuna maka cewa sabuwar hanyar koyarwa ta yi tasiri alhali wataƙila ƙwazon malami ɗaya ne. Maganinsa shi ne lissafi mai matakai, wanda ke la'akari da matakin ɗalibi da na aji, kuma SPSS da R da wata manhajar ƙididdiga mai suna Stata duk suna yi. Idan kuwa ingancin tambayoyin jarrabawa kake son aunawa ɗaya bayan ɗaya, irin hanyar da Georg Rasch ɗan ƙasar Denmak ya fito da ita a 1960, to R da Stata ne suka fi dacewa.

A kimiyyar abinci ne zaɓin ya fi muhimmanci, domin kowane gwaji yana cin kaya da lokaci. Ɗauki mai son gano yadda ya fi kyau a busar da 'ya'yan itace. Abubuwa uku yake juyawa: zafi, da tsawon lokaci, da kaurin yanka. Idan kowanne yana da mataki uku, gwada dukan haɗe-haɗen zai kai gwaji 27. Da tsarin Box da Behnken na 1960, gwaji 15 kan wadatar, kuma har ya nuna yadda zafi da kauri suke shafar juna, abin da mai canza abu ɗaya-ɗaya ba zai taɓa gani ba. Design-Expert don irin wannan aka yi ta: ita za ta tsara maka jerin gwaje-gwajen, ta cakuɗa su yadda son rai ba zai shiga ba, ta zana inda sakamako ya fi kyau. Ta kuma ƙware wajen haɗin sinadarai, inda dole jimillar kason ta zama ɗari bisa ɗari. Minitab, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Jihar Fensilbaniya a 1972, tana yin wannan, ga kuma sa ido kan ingancin kaya a masana'anta, shi ya sa mai shirin aiki a kamfanin sarrafa abinci zai fi cin moriyarta. JMP ta kamfanin SAS ta fi su daɗin kallo da wasa da zane. Gwajin ɗanɗano kuwa, inda masu ɗanɗana suke ba da maki daga 1 zuwa 9, XLSTAT da ake liƙa wa Excel ta shahara a kansa, a R kuma akwai SensoMineR kyauta.

Fiziks daban take. A nan ka riga ka san dokar da kake gwadawa, abin da ake nema shi ne daidaita ta da awon da ka yi, tare da faɗin girman kuskuren kowane awo. SPSS ba don wannan aka yi ta ba. Origin tana da kyau wajen daidaita layi da fitar da zanen da mujallu ke karɓa, amma ta kuɗi ce kuma a Windows take aiki. MATLAB ta fi ƙarfi wajen sarrafa sigina da lissafin matiriks (lambobin da aka jera layi-layi kamar tebur), kuma Octave ƙanwarta ce ta kyauta. Ni dai harshen kwamfuta na Python zan ba wa ɗalibin fiziks shawara, tare da kayan lissafinta NumPy da SciPy, domin kyauta ce kuma da ita ake manyan ayyuka, har da hoton baƙin ramin sararin samaniya na farko da aka fitar a 2019. Mai shiga binciken ƙananan ƙwayoyin zarra kuma dole ya haɗu da manhajar ROOT ta CERN, cibiyar binciken fiziks ta Turai, wadda aka yi aiki da ita wajen gano ƙwayar Higgs a 2012.

R ta ratsa fannonin nan duka. Ross Ihaka da Robert Gentleman ne suka fara ta a Jami'ar Okland ta Niyu Zilan a farkon shekarun 1990. Makonnin farko da ita akwai wuya, don rubuta umarni ake yi, amma wannan rubutun shi ne ribar: bayan shekara biyu ka sake kunna shi ya ba ka sakamakon nan dai, kuma mai duba aikinka zai ga kowane mataki. Wanda zai daɗe a harkar bincike ya daure ya koye ta. Wanda kuma kundi ɗaya ne gabansa kuma lokaci ya ƙure, ya bi abin da malaminsa ya iya.

Kafin ka biya, tambayi jami'arka ko ma'aikatarka ko ta riga ta sayi lasisin gama-gari. Duba ko akwai rangwamen ɗalibai, ko lasisin na shekara ne ko na dindindin, ko kuma gwajin da kake buƙata yana cikin ƙunshin da za ka saya. Guji kwafin sata, don yakan zo da cutar kwamfuta kuma ba ya samun gyara. Yawancin manhajojin kuɗin suna ba da lokacin gwaji kyauta, sai ka yi amfani da shi a kan bayanan gwajin share fage naka, daga shigarwa har zuwa zanen da zai shiga rahoto.